Google Scholar a hannun mai binciken kifi a ƙasar Haɗeja

Malamin da ke nazarin kifi da ruwa a Kafin Hausa ko Dutse, idan lokacin neman ƙarin girma ko tallafin bincike ya zo, akwai tambayar da ke jiransa: sau nawa aka ambaci aikinka, kuma da wa ka yi shi? Wurin da aka fi saurin samun amsa shi ne shafin mai bincike na Google Scholar, wato injin Google na neman takardun ilimi, shafin da aka buɗe wa kowa a 2011. Kyauta ne, ba shi da nauyi, yana buɗewa a waya ko da sabis ya yi rauni. Shi kuwa Scopus, rumbun ƙirga ambato na kamfanin Elsevier, sai makaranta ta biya kuɗi kafin a ga cikakken bayani.

Buɗe shafin ba wuya. Ka shiga da asusun Google, ka rubuta suna da wurin aiki, ka sa imel ɗin makaranta mai ƙarewa da edu.ng, sannan ka tabbatar da saƙon da za a aiko. Wanda bai tabbatar da imel ɗin ba, ko bai buɗe shafin ga jama'a ba, sunansa ba zai fito ba idan aka neme shi.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne zaɓin sabuntawa. Kada ka bar na'ura ta riƙa ƙara maka takardu da kanta. Sunayenmu sun yi kama da juna ainun: M. Abubakar ko A. Ibrahim zai iya zama masanin tarwaɗa a Haɗeja, zai iya zama likita a Masar. Sai ka wayi gari takardun wani sun cika shafinka, alƙaluma sun kumbura, kwamitin tantancewa kuma ya ɗauka da gangan ka yi. Zaɓi a riƙa aiko maka imel ka duba tukuna. Haka wanda ke sa sunan garinsu a wata mujalla, Ringim ko Gumel, ya cire shi a wata, ya raba ambatonsa gida biyu. Tsayar da siga ɗaya, ka yi rajistar ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, ita ma kyauta. Idan takarda guda ta fito sau biyu, yi wa dukansu alama ka haɗe su.

Alƙaluma uku shafin ke nunawa: jimillar ambato, ma'aunin h da ma'aunin i10. Jorge Hirsch ne ya kawo ma'aunin h a 2005. Idan h ɗinka 6 ne, kana da takardu 6 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 6. Shi i10 adadin takardun da suka kai ambato 10 ne. Abin yabo, Google Scholar yana ƙirga mujallunmu da ke kan AJOL, dandalin mujallun Afirka na intanet, har da kundin digiri, waɗanda Scopus ke barin da yawansu a waje. Amma takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora, ba rubutun da na'ura ke iya karantawa, ko fayil ɗin da ya haura megabait 5, ba ya shiga.

Sai dai ba ya tantance tsaki da tsakuwa. Ambaton da mutum ya yi wa kansa, da na mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga komai, duk ɗaya yake ɗaukarsu da na babbar mujalla. Kuma kwatanta fanni da fanni zalunci ne. Takardar Daniel Pauly da abokansa ta 1998 kan yadda kamun kifi ke cinye manyan kifayen teku an ambace ta dubban lokuta, don masu binciken teku sun cika duniya. Wanda ya auna yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa, masu ambatonsa ba su da yawa. Alhali kuwa aikinsa ne ya shafi komar masunci a Baturiya da gonar shinkafar fadama. Rahoton da ya miƙa wa hukuma, da zaman da ya yi da sarkin ruwa kan girman idon raga, babu gurbinsu a shafin.

A ɓangaren haɗin gwiwa ma shafin ya gaza. Jerin abokan aiki da hannu ake sa shi, kuma sai masu shafi kawai. Ba ya nuna wanda ya shiga kwalekwale ya ɗebo samfur da wanda aka liƙa sunansa don girmamawa. Mai son sanin gaskiyar hulɗar mutum da cibiyar kifin ruwan daɗi ta New Bussa ko cibiyar binciken teku ta Legas, sai ya buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, ya duba matsayin sunansa a jeri da sashen da ke bayyana aikin kowa.

Kafin ka miƙa takardun neman ƙarin girma, danna lambar ambaton kowace takarda, ka ware waɗanda kai ko ɗalibanka kuka yi, ka rubuta adadin biyu gefe da gefe tare da ranar da ka ɗauko su, domin lambar takan ragu idan wata mujalla ta rufe shafinta.