Tsarin kulob na makarantar 'yata a nan Jos, ga yadda na same shi

Iyaye a guruf ɗinmu na WhatsApp sun dame ni da tambaya wai kuɗin kulob ɗin nan da makarantar su 'yata ke karɓa duk zango yana da amfani kuwa ko dai wata hanyar tatsar iyaye ce kawai, to bari in faɗi abin da idona ya gani. Makarantar kuɗi ce ta wajen Bauchi Road, suna kam ba zan kama ba.

Abin da ya fi burge ni, sun saka kulob a cikin jadawalin karatu ranar Laraba, ba wai sai an tashi yara sun gaji yunwa na cin su kowa na neman keke ya tafi gida ba. Akwai JETS na 'yan kimiyya, da na aikin jarida, da dibet, da Red Cross, da na matasan manoma, sai MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista kowa da nasa, kuma kowane kulob da malaminsa da rajistarsa, in yaro bai zo ba a san bai zo ba.

Tawa ta shiga na manoma, kuma wallahi nan ne na ga inda kuɗina ya tafi. Wani ɗan fili ne a bayan ajujuwa suka ja kunya suka shuka kabeji da karas, yarinyar da ko tsintsiya sai an yi faɗa take ɗauka yanzu ita ce da zancen taki da ban ruwa. Da suka cire suka sayar wa malamai, ta kawo min littafin lissafinsu da rubutun hannunta, kuɗin iri kaza, taki kaza, riba kaza, har malamin ya sa su je kasuwar Farin Gada su tambayo farashi kafin su yanka nasu. Allah ya saka wa malamin nan da alheri. Sun kuma kai su gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, suka ga gumakan Nok na yumɓu, sai da aka aiko mana takarda muka sa hannu tukuna, wannan ma na yaba.

Amma fa JETS abin tausayi, kayan aiki babu, batir da waya ma malamin ne ke saya da kuɗin aljihunsa alhali duk muna biya, kuma har yau a taron PTA ba a taɓa karanto mana yadda aka kashe kuɗin kulob ba. Ga 'yan SS3 da zarar WAEC da NECO sun matso sai a cire su gaba ɗaya a tura su lesin, alhali su ne shugabannin, sai kulob ya zama ba mai ja. Intahaus kuma, wato gasar wasannin makaranta, kullum sai dab da rana za a ce a kawo kuɗin riga, kuma 'yan mata daga fareti sai gudu, ba su da ƙwallo ko ɗaya, wannan yana min ciwo sosai.

Zan ci gaba da biya, amma mai son sa ɗansa a makarantar ya je ranar Laraba ba tare da ya sanar ba, ya nemi a nuna masa rajistar kulob ɗin da yaron ke so da malamin da ke riƙe da shi.