M3 E46 ko S2000: wacce za ka iya riƙewa?

Ɗan uwa ka ce ka tara ƴan kuɗinka kana son ɗaya cikin biyu, BMW M3 E46 ko Honda S2000, ka ajiye ta shekaru kana ɗan ɗanawa ƙarshen mako, kana tambayar wacce ce ba za ta hana ka barci ba. To gaskiya dukansu sun kwana biyu, M3 ɗin an ƙera ta daga 2000 zuwa 2006, S2000 kuma 1999 zuwa 2009, kullum masu lafiya a cikinsu raguwa suke. Kuɗin saye ba shi ne abin ji ba, abin da zai biyo baya shi ne maganar.

M3 injinta S54 ne, lita 3.2, silinda shida a jere, ƙarfin doki 343 a ta Turai, tana kai juyi 8,000 a minti. Tana da kujerun baya da but na gaske, wato mota ce da za ka ɗauki mutane. Amma duk wanda ya san ta ya san ciwonta guda uku. Na farko metal ɗin injin, wato boris ɗin sandunan fiston, yana cinyewa a hankali ba ya sallama, ranar da ka ji ƙwanƙwasa to injin ya riga ya buga, na farko-farkon ma sai da kamfanin ya kira su aka canza. Na biyu VANOS, abin da ke sarrafa lokacin buɗe bawul. Na uku shi ne mai ban haushin: ƙasan bodi ta baya, daidai inda aka ɗaure ƙarfen da ya riƙe tayoyin baya, yana tsagewa. Ba ka gani daga sama, sai an ɗaga motar an share datti an haska fitila, wani lokacin sai an sauke ƙarfen gaba ɗaya kafin tsagar ta bayyana, gyaran kuma walda ne da ƙarin faranti, ba aikin kowane mai walda ba. In mai giyar SMG ce, wato wadda ba a taka mata kulochi, ƙara famfon giyar a lissafi, shi ya sa kowa ke rububin manuwal. Baƙin mai ma sai 10W-60, ba duk wanda ka samu ba.

S2000 kuwa mutum biyu take ɗauka, rufin tamfol, giya shida manuwal kawai. Ta farkon, AP1, lita 2 ce amma tana kai juyi 9,000, ƙarfin doki wajen 240 ba turbo. A ƙasa-ƙasa kamar ba ta da ƙarfi, sai ka haura 6,000 VTEC, abin da ke ƙara buɗe bawul, ya buɗe sannan ka san ka shiga mota. Injin nan akwai juriya wallahi, ciwonsa bai kai na BMW tsada ba. Abin da ke ɗaure kacar injin yana saki, za ka ji ƙara kamar yaro ya sa kwali a wayar tayar keke, canza shi ba wani aiki ba ne. AP1 na shan baƙin mai, dole ka riƙa duba gejin. Abin tsoron shi ne direban da ya riƙe ta kafin kai, in ya taɓa kuskuren jefa ta giya biyu maimakon huɗu yana gudu, maƙallan bawul na tsagewa su yi shiru, sai wata rana bawul ya faɗa kan fiston. Don haka a buɗe murfin saman injin a duba kafin ka biya ko sisi. Sannan bayanta na saurin zamewa in an yi ruwa, kuma kafin 2006 ba ta da na'urar da ke hana zamewa, shi ya sa da yawansu sun sha karo an gyara an shafe da fenti.

Maganar kayan gyara fa, nan ne abin ke juyawa. M3 ƴar gidan E46 ce, wato BMW 3 Series ta lokacin, da aka ƙera da yawan gaske, abubuwa da dama na ciki da na lantarki ɗaya suke da na sauran, sai dai bonet da bamba da kayan injin nata daban ne kuma da tsada. S2000 ba ta da ƴar uwa a Honda, fitila ko kujera ko wani ɗan roba na cikin mota in ya lalace sai ka sha nema, wasu an daina ƙera su. Kenan a M3 injin ne zai cinye aljihunka, a S2000 bodi ne zai ba ka wahala.

Ni dai in kuɗin saye kaɗai gare ka, ɗauki S2000 wadda ba ta taɓa karo ba kuma ba a yi mata kwaskwarima ba, ko da ta fi nisan tafiya. In kuwa kana da rarar da za ka yi ayyukan nan uku na M3 tun a shekarar farko, ko ka samu wadda aka riga aka yi mata da rasit a hannu, ga makaniken da ya san S54 ba mai koyo a kanta ba, to M3 ta fi cika mota. In mai sayarwa ya ce ma an canza metal amma ba takarda, ka lissafa kamar ba a canza ba ka rage masa kuɗin aikin.