Kofin shayi ɗaya ya kai ni ofis a makarantar kwana ta Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda muka ci gabza a kwano ɗaya. Wata na goma sha huɗu ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar kwana da ke kudancin Ingila, kuma ni ne mataimakin uban gida a ɗaya daga cikin gidajen kwanan yara maza. Yara 60 muke riƙe da su, daga ɗan shekara 13 zuwa ɗan 18. Kun dame ni da tambayar yadda bodin ɗin Turawa take, to bari in fara da ranar da na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da na mallaki hankalina.

Makona na uku ne da kama aiki. Daren Lahadi, an tashi daga firef, wato karatun dare, na rungumo tarin littattafan da zan duba. A gindin matakala na hangi wani ɗan sabon shiga, siriri mai gilashi. Na yafito shi, na ɗora masa littattafan, na miƙa masa makulli na ce ya kai min ɗakina, in ya shiga ya kunna butar lantarki ya haɗo min shayi. Ya ce to, Sa. Ya dawo da kofin yana rawa a hannunsa, na shafa kansa na sa masa albarka. Na kwanta da murnar na fara yin ɗan gida.

Washegari kafin ƙarfe tara aka ce ana nemana a ofis. Na tarar da uban gida da wata dattijuwa wadda aikinta kenan a makarantar, kare lafiya da mutuncin yara. Takarda ce a gabanta. Yaron bai kai ƙara ba, metiron, matar da ke kula da yaran gidan, ita ce ta gan shi yana fitowa daga ɗakina, kuma doka ta ɗora mata ta rubuta. Abu uku ta karanta min: na tura yaro ɗakin kwanan malami, na sa shi aikin da nawa ne ba na makaranta ba, na sa shi ɗaukar tafasasshen ruwa. Ba ta ɗaga murya ba, har kujera ta ja min. Wallahi da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Ni da na yi shekara tara ina riƙe alli a gida, ni da iyaye ke kawo wa 'ya'yansu su ce ga amana, yau ni ake tambaya cikin ladabi ko na taɓa kaɗaicewa da yaron kafin wannan rana. Gumi ya karyo min cikin sanyin nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na samu bakin magana na ce mata a wajenmu aiken yaro tarbiyya ce, wanda babba ya aika shi ne wanda ya yarda da shi. Ta ce ta fahimta, domin su ma haka suke a da. Mahaifinta, in ji ta, ya yi shekara biyu yana goge wa wani siniya takalmi, yana gasa masa burodi, yana hura masa wutar ɗaki, in ya makara ya sha sanda. Fagin suke kiran abin. Na ce fagin? Ai mu ma sunan da muke kiransa ke nan. Ta ce to daga nan kuka ɗauka, mu kuma mun yar. Aka sa na sa hannu a takardar, aka tura ni kwas na yini guda, maganar ta mutu. A zuciyata ce ta ƙi mutuwa.

Na bi diddigi daga baya. Fagin ya gushe a makarantunsu a cikin shekarun 1970 da na 1980. An haramta bulala a makarantun gwamnati a 1987, a masu zaman kansu na Ingila kuma a 1999. Ba don sun fi mu tausayi ba ne. Abubuwan ƙazanta da zalunci sun faru a ɗakunan kwanansu shekaru da dama ana rufewa, har sai da aka kafa kwamitin bincike na ƙasa kan cin zarafin yara, wanda ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a 2022. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa yanzu ba za ka taɓa aiki kusa da yaro ba sai an binciki tarihinka a wajen 'yan sanda, ni har daga Najeriya sai da na kawo takardar shaida. Shi ya sa ƙofar kowane aji take da gilashi. A bangon da ke kusa da wayar gidanmu an manna lambar Childline, layin wayar taimakon yara, da ta wani mutum da ba ma'aikacin makarantar ba, wanda yaro zai iya kira ya kai ƙarar kowa, har hedimasta.

Daren ranar da aka kira ni ofis ban runtsa ba. Na tuna kaina ina fom wan, ƙarfe huɗun asuba cikin hunturu, ina jan guga don siniya ya yi wanka, ni kuwa in tafi aji da ƙafa fururu. Na tuna abokina da wani firifet ya kwaɗa wa mari a kan ya ƙi ba da sukarinsa, har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai, kuma ba wanda aka tambaya. Abin da ya fi ci min rai, na tuna kaina da na zama siniya. Na sa yara tsallen kwaɗo a kan tsakuwa, na ƙwace musu ƙuli da madara, ina cewa ai mu ma an yi mana. Laifi tudu ne. Har gobe in muka haɗu a taron tsofaffin ɗalibai da dariya muke ba da waɗannan labarai, muna cewa su suka mai da mu maza. Nawa ne suka gudu daga makaranta saboda su, ba su sake komawa aji ba? Ba mu taɓa ƙirgawa ba.

Kada ku zaci don sun yar da sanda sun yar da al'ada. A nan ne suka ba ni mamaki. Mun kai yaranmu wasa Iton, makarantar da Sarki Henry na Shida ya kafa a 1440 kusa da fadar Winsa, wadda ta yaye firaministoci 20. Har yau yara na zuwa aji da baƙar kwat mai jela, kuma kowane yaro ɗakinsa shi kaɗai tun daga shekarar farko. Harshensu kuwa sai ɗan gida. Malami sunansa bik, wato bakin tsuntsu. Darasi dib. Zangon karatu haf, ma'ana rabi, alhali uku ne a shekara. Matar da ke kula da gida Dem. Manyan firifet ɗinsu ana kiransu Pop, su kaɗai ke da izinin sa 'yar shara mai launin da suka ga dama. In aikinka ya lalace malami ya ɗan yaga saman takardar, ka kai wa uban gida ya sa hannu, sunan wannan rif. In ka cika makara a sa ka a littafin makararru, kullum da sassafe ka je ofis ka sa hannu. Horo ne mai ciwo ga yaro, amma ba mai taɓa jikinsa. A Wincesta, wadda ta girmi Iton don tun 1382 take, yaren ɗalibai har suna gare shi, Noshins, kuma an tattara shi kamar ƙamus. Mu namu yaren na makaranta, wa ya rubuta shi? Duk wanda ya mutu ya tafi da nasa.

Wasan da muka je yi shi ya sa ni ƙwalla. Fayif ne, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, biyu da biyu. Ina leƙa filin na ga ɗan ginin nan da ya turo daga bangon hagu da 'yar matakalar tsakiya, sak irin na Katsina. Ashe kwaikwayon wani lungu ne a gindin matakalar cocin Iton inda yara ke wasa tun da can. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kai wasan Arewa a shekarun 1920, kuma kowa ya san yadda Sardauna ya ƙaunace shi. Na karɓi safar hannu na shiga. Da na gaya musu a gida da ƙwallon tanis muke yi, kuma jama'a na taruwa kallo, sai suka zagaye ni da tambayoyi. Ranar ce kaɗai na ji ba baƙo ba ne ni. Tsarin gidaje, firifet, firef, ƙararrawa, duk daga nan aka kwasa aka kai Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa. Gado ɗaya muka ci da su. Su sun tace nasu, mu kuwa mun riƙe dorina mun saki kulawar.

Kulawar ita ce abin gani. Kowace riga da safa an ɗinka mata sunan mai ita, a zuba a buhu ranar Talata, ta dawo a goge ranar Alhamis. A kicin akwai allo da hoton duk yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko ƙwai. Asibitin makaranta nas na kwana a ciki. Wani dare zazzaɓi ya rufe wani yaro wajen ƙarfe biyu, kafin biyu da rabi yana kan gado an auna shi, an rubuta, da safe an kira uwarsa a Hong Kong. Kowane zango sai an kaɗa ƙararrawar gobara a lokacin kwana, a fito da yara a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da azumi ya zo, ban roƙa ba, shugabar kicin da kanta ta zo ta tambayi mu nawa ne, kullum a ajiye mana sahur da naman halal a firji da sunan kowa.

Amma fa akwai abubuwan da har yau ba su kwanta min ba. Abincin ba ya da rai. Dankali dafaffe, koren wake, nama ba yaji ba daddawa, kuma ƙarfe shida an gama cin na dare. Kullum da kwalbar yajina nake zuwa dainin. Abin da yaran ke zubarwa a rana ɗaya zai ciyar da ɗakin kwananmu na da har kwana uku, in na tsaya wajen kwandon sai zuciyata ta yi baƙi. Ba sa gaisuwa. Yaro zai wuce ka hannu a aljihu ya ɗaga maka gira, ya gama. Komai sai takarda: ƙwayar ciwon kai ɗaya sai an cike fom. Ranar da kakar wani yaro ta rasu, yana kuka a gabana kamar ransa zai fita, na tsaya ina lissafin ko ƙofa a buɗe take kafin in dafa kafaɗarsa. Wannan ya yi min ciwo, domin tsoro ya shiga tsakanin babba da yaro har ya rage ɗumin da muke da shi. Kuma duk da katifa mai laushi, na ga kaɗaici a idon yaran nan. Kowa da wayarsa da kabad ɗinsa mai makulli. A Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi, in zauna a taga in tuna mu takwas a kan kwano ɗaya na kwaki da ƙuli, cokali biyu na zagayawa, wanda aka kawo wa kaya ranar bizitin ya zama na kowa. Wannan ba su da shi, kuɗi kuma ba ya saye.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Tun da gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu a Janairun 2025, na Iton ya haura fam 60,000 a shekara. Mafi yawan Turawan kansu ba sa iya kai 'ya'yansu. To amma ku zo ku ga 'ya'yan manyanmu a irin waɗannan makarantu. Ba na jin haushin yaran, suna da ladabi, wasunsu har sukan zo mu yi jam'i. Iyayen nake tambaya. Kun san darajar nas mai kwana da katanga mai tsaro, kuna biyan miliyoyi a kansu, amma makarantun da kuka fito rufinsu na yoyo, kuma bayan sace ɗalibai a Chibok da Dapchi da Ƙanƙara da Jangebe maganin da aka fi saurin kawowa shi ne a rufe makarantun kwana a kora yara gida.

Kada kuma mu fake da talauci. Hana siniya dukan ƙaramin yaro ba ya cin ko kwabo. Malami ya riƙa kwana kusa da ɗakin yara, a ajiye littafin da ake rubuta duk abin da ya faru da dare, a ba yaro wanda zai kai wa kuka ba tare da an ce ya cika tsegumi ba, wanne ne a ciki yake buƙatar fam?

Makon jiya Yaya ya kira ni, ɗansa na fari zai shiga bodin bana, yana lissafa min akwatin ƙarfe da bokiti da langalanga. Na ce Yaya, don Allah kafin ka biya, ka ce a nuna maka inda zai kwanta da inda zai kewaya, ka tambayi sunan babban da ke kwana kusa da su, in yaron ya zo hutu kuma ka duba bayansa da idonka. Ya yi shiru, ya ce ai mu ba a yi mana haka ba. Na ce shi ya sa.

Ku kuma 'yan ajinmu, na ga an tara kuɗin fentin ƙofar makaranta da allon da za a rubuta sunayenmu. Ina roƙon a dakata. A nemi nas guda da za ta riƙa kwana a dispensare, a gyara mata ɗaki, a sa mata fitila mai aiki da hasken rana. Albashinta na wata ukun farko yana wuyana, ma'aji ya turo min lambar asusu.