iPhone Air a Kano: Siririyar Waya da Abin da Aka Rage Mata

Duk wanda ya ɗauki iPhone Air a shagunan Farm Centre ko titin Beirut sai ya juya ta sau biyu yana mamaki. Kaurinta milimita 5.6 ne, nauyinta giram 165, gefenta na ƙarfen titaniyom, fuskarta inci 6.5. Apple ta fito da ita a Satumban 2025 kan dala 999. Kyau kam ba a magana, kuma ba ta lanƙwasuwa cikin sauƙi irin yadda iPhone 6 Plus ta riƙa yi a aljihun mutane a 2014. Amma ba a sirance waya a banza, dole a cire wani abu. Wanda zai biya kuɗin shi ne mai amfani da ita a garin da wuta ba ta zama.

Batir ne ya fara shan wuƙa. Nata mAh 3,149 ne kacal (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka). Kamfanin ya ce tana kai awa 27 ana kallon bidiyo, to amma wannan awo ne na ɗaki mai sanyi da sabis mai ƙarfi. A nan kuwa hasken rana na tilasta ka ƙure hasken fuska, sabis na hawa da sauka, waya na ta ƙoƙarin kamo shi, duk batir ake ci. Ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari yana tura hotunan atamfa a WhatsApp tun safe yana duba alat ɗin banki, da wuya ta kai shi magariba bai nemi caji ba. Apple da kanta ta san haka, shi ya sa ta yi mata batirin mannawa a baya na dala 99. Da zarar ka manna shi, ka ƙara mata riga don kada ta faɗi a adaidaita sahu, sirantar da ka saya ta tafi. Dama wurin kyamara ya kusa ninka kaurin sauran jikin.

Sai zafi. Apple ta ce a yi amfani da wayoyinta tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali Kano a watan Afrilu tana haura 40. An tattara fanel ɗin wayar, wato allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwarta, a sama, kusa da kyamara, don a bar wa batir fili, kuma ba a sa mata na'urar watsa zafi irin ta iPhone 17 Pro ba. Saboda haka saman ne ke fara ɗumi, daga nan ta rage gudu, ta dusashe haske, wani lokaci ta dakatar da caji har ta huce. Zafi da yawan caji su ne ke tsufar da batirin lithiyom, kuma ƙaramin batir ya fi saurin cinye zagayensa tunda kullum sai an cika shi sau biyu. Kada a yi mata caji a cikin mota a rana, ko a ƙarƙashin matashi.

Abin da ya fi damuna shi ne layi. Babu ramin sim ko ɗaya, eSIM kawai take ɗauka, wato layin da ake sa wa waya ta saiti ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayarwa, amma sai ka je ofis da lambar NIN an sauya maka. Matsalar tana zuwa ne ranar da waya ta mutu ko fuskarta ta fashe. A da sai ka zare layi ka sa a ƙaramar waya mai madannai, kira ya ci gaba da shigowa, lambar sirrin banki ta same ka. Yanzu layin ya maƙale a cikin matacciyar waya har sai ka koma ofis. Mai POS, ko matar da ke saye da sayarwa daga cikin gida, asarar yini guda ce a gare su. Masu sayen 'yar Landan su ƙara lura: idan wani kamfanin sadarwa na waje ya kulle ta, dabarar nan ta sa ɗan siririn cif a ƙarƙashin sim ba ta da wurin shiga. A shiga saiti a tabbatar ba a kulle take ba kafin a biya, a duba lafiyar batir, a kwantar da gefenta a kan gilashi a ga ko akwai tudu, don batirin da ya kumbura yana ɗaga baya ko fuskar waya.

Kyamarar baya ɗaya ce, mai megafiksil 48, hoto fes, sai dai babu ta biyu mai ɗaukar fili mai faɗi. Lasifika ma ɗaya ce a sama, dattijo mai sauraron karatu ko tafsiri zai ji ƙarancin murya.

Gyara bai kai munin da aka zata ba. Ta baya ake isa ga batir, kuma gam ɗinsa yana sakewa idan aka ba shi wutar lantarki kaɗan a maimakon ɓanɓara. To amma injiniyan da ke da teburi ɗaya da abin hura zafi, wanda ya koyi aiki a kan Tecno da Itel, yana bukatar sabbin kayan aiki da ainihin kayan gyara masu tsada. Idan ya sa ƙarfi ya huda batir, wuta ce. Idan ya ƙi karɓar aikin, abincinsa da na yaran da ke koyo a hannunsa ne ke raguwa, aikin ya tattara ga manyan shaguna 'yan ƙalilan.

Samsung Galaxy S25 Edge, mai milimita 5.8 da batir mAh 3,900, ta fi Air girman batir. Tecno Spark Slim kuwa milimita 5.93 ce da batir mAh 5,160 a kan kuɗi ƙasa sosai, ko da yake gudunta da kyamararta ba su kama ƙafar waɗancan ba. Mai sola a gida da ofis mai sanyi, wanda kuma ke riƙe da waya ta biyu, zai ji daɗin Air. Wanda waya ɗaya ce shagonsa da bankinsa, gara ya ɗauki iPhone 17 da ta fi ta arha da dala 200, mai kyamara biyu da batirin da ya fi girma.