Shekara uku da jirgin Tracker Pro Team 175 a tafkin Fork

Shekara uku ke nan da na sayi jirgin ruwa samfurin Tracker Pro Team 175, na hannu, daga wurin wani dattijo da ciwon ƙafa ya fara hana shi fita su, kuma tun daga lokacin da wuya wata ya wuce ban ja shi zuwa tafkin Fork ba, wanda ke tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi gabas da birnin Dallas a jihar Texas. Jirgi ne na alminiyam, tsawonsa ƙafa 17 da inci 7, an ƙera shi musamman domin kamun kifin bas, kifin nan mai faɗin baki da Amurkawa suka ɗauka da muhimmanci kamar yadda mutanen Argungu suka ɗauki giwan ruwa. Nawa yana ɗauke da injin Mercury mai ƙarfin doki 60 a baya, sannan da wani ƙaramin inji mai aiki da batir a goshinsa. Abin da shekara ukun nan suka koya mini shi ne cewa darajar wannan jirgi tana wurin ƙaramin injin gaba da kuma rashin nauyin jikinsa, ba wurin babban injin da masu saye suka fi zuba wa ido ba.

Asalin jirgin yana bayyana halinsa. Johnny Morris ya fara sayar da kayan kamun kifi a 1972 a wani ɗan lungu na shagon mahaifinsa a garin Springfield da ke jihar Missouri, kuma daga nan kamfanin Bass Pro Shops ya samo tushe. A 1978 ya fito da Bass Tracker, inda ya haɗa jirgi da inji da tirelar jansa a kuɗi guda, a lokacin da mai saye kan nemi kowanne daban ya kai wa bakanike ya haɗa masa. Manufar ita ce ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya mallaki jirgin da zai fita da shi ranar hutu, kuma har yau wannan manufa tana nan a jikin jirgin, domin babu wani ado a cikinsa da ya wuce bukata.

Jikin walda ne baki ɗaya, ba a haɗa shi da ƙusoshi ba, wanda hakan ke rage wuraren da ruwa zai iya samun kafar shiga idan jirgi ya tsufa. Rashin nauyinsa ya sa motata ta gida tana jansa ba tare da wahala ba, kuma ni kaɗai nake saukar da shi a mashiga in mayar da shi kan tirela. Wuyan tirelar yana lanƙwashewa gefe, abin da ya ba ni damar rufe ƙofar gareji a kansa, na huta da biyan kuɗin wurin ajiya duk wata. Amma inda alminiyam ya fi nuna amfaninsa shi ne a tafkin Fork kansa. Da aka datse ruwan a 1980 an bar itatuwa masu yawa a tsaye domin su zama maɓoyar kifi, kuma yau kututturansu suna nan birjik, wasu tafin hannu guda kacal ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsu sai an hau kansu. Na taɓa fita daga hanyar jirage da aka yi wa alama ina tafiya a hankali, sai na ji ƙasan jirgin ya daki kututture har ɗana ya dafe kujera. Da muka koma gida na leƙa, sai na tarar da ɗan lotsawa da bai kai faɗin kofi ba, kuma har yanzu ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga ta wurin ba. Jirgin faiba mai sheƙi da ya ci irin wannan karo zai iya tsagewa, gyaransa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai maganar injin gaba, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina yaro a Yawuri, kawuna yakan ɗauke ni a kwalekwalensa, kuma abin da ya fi tsawata mini a kai shi ne bari filafili ya bugi gefen jirgi, yana cewa kifi yana jin abin da mutum ba ya ji. Na zo Amurka na tarar da wannan darasi a wata siffa. Babban inji aikinsa kawai ya kai ka kusa da wurin da kake nufi, daga nan sai ka kashe shi, ka sauke ƙaramin injin gaba, ka hau dandamalin goshi, kana sarrafa jirgin da tafin ƙafa yayin da hannayenka biyu ke kan sandar fatsa. A cikin awa takwas da nake yi a kan ruwa, babban injin bai cika yin aikin minti arba'in ba. Sauran lokacin duka ƙaramin ne ke zagayawa da ni tsakanin kututture da ciyawa, shiru kamar ba kowa. Saboda jirgin ba ya nutsa sosai, ina shiga ruwan da bai wuce gwiwa ba, inda manyan jirage ke tsayawa daga nesa.

Amfanin hakan ya fi fitowa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya fara ɗumi, ya kai wajen digiri 16 zuwa 18, kifin kuma ya hauro bakin gaɓa domin yin ƙwai. Wata safiya a irin wannan lokaci na silala cikin wani lungu mai ciyawa, sai na hango wani fili mai haske a ƙasan ruwa, faɗinsa kamar faifai, inda namijin kifi ya share da wutsiyarsa. Na jefa tanar roba can gaba da wurin, na janyo ta a hankali har ta faɗa cikin filin, na bar ta ta zauna. Ban ji an fizga ba. Abin da na gani kawai shi ne zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai, sai na ɗaga sanda da ƙarfi, ruwan ya dare, kifin ya yi tsalle bakinsa a buɗe yana girgiza kai. Da da ƙarar babban inji na shiga lungun nan, da ko inuwarsa ban gani ba.

Ɗaurin da na yi amfani da shi a ranar shi ne wanda ake kira ɗaurin Texas, kuma duk mai shiga ruwa mai itatuwa ya kamata ya fara da shi. Ana zura ɗan dalma mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, a soka ta a kan tanar roba, sannan a mayar da tsinin ƙugiyar cikin jikin tanar ya ɓuya, ta yadda za ta bi ta cikin rassa ba ta maƙale ba. Ita tanar robar Nick Creme ne ya fara yin ta a 1949 a jihar Ohio, daga baya ya ƙaura da kamfaninsa zuwa garin Tyler, wanda ba shi da nisa da tafkin Fork. Bayan shekara guda da sayen jirgin na sauya injin gaba da wani na kamfanin Minn Kota mai amfani da tauraron ɗan'adam, wanda idan ka danna maɓalli zai riƙe jirgin a wuri ɗaya ba tare da an jefa anga ba. A cikin duk kuɗin da na kashe wa jirgin, babu wanda na fi jin daɗinsa kamar wannan, kuma da za a ba ni zaɓi tsakaninsa da ƙarin ƙarfin doki a baya, ba zan tsaya tunani ba.

Rashin nauyi yana da farashinsa, kuma wannan hali ne na duk wani ƙaramin jirgin alminiyam, ko wane ne ya ƙera shi. Iska tana tura shi cikin sauƙi, kuma idan igiyar ruwa ta tashi a tsakiyar tafki mai faɗin eka dubu 27, ba zai yanka ta kamar jirgin faiba mai nauyi ba. Ni dai na ɗaukar wa kaina ƙa'ida cewa ranar da aka yi hasashen iska mai ƙarfi, ko dai in tsaya a lungunan da ke da kariya, ko in zauna a gida. Doka ta wajabta rigar kariya ga kowane mutum da ke cikin jirgi, yaro ɗan ƙasa da shekara 13 kuma dole ya sa tasa muddin jirgin yana tafiya, sannan tun 2019 Texas ta wajabta wa matuƙi ya maƙala igiyar da ke kashe inji idan ya faɗa ruwa. Wanda ya taso a bakin kogin Neja, ya san gidajen da hatsarin jirgi ya shiga, ba ya bukatar a roƙe shi kafin ya bi waɗannan dokoki.

Kula da jirgin ba shi da wuya, sai dai ba ya son sakaci. Ana juye baƙin mai duk bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara, ana kuma sauya robar famfon da ke sanyaya inji duk bayan shekara uku. Fetur mai gaurayen ethanol fiye da kashi 10 cikin ɗari ba ya shiga tankina, kuma idan jirgin zai daɗe a ajiye nakan zuba maganin da ke hana mai lalacewa. Batir biyu ne, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na injin gaba, kuma na biyun nakan sa shi a caji da zarar na dawo, domin barinsa a mace kwana da kwanaki shi ke gajarta masa rai. Girishin ƙafafun tirela shi ne abin da mutane suka fi mantawa, alhali tayoyin suna shiga ruwa da zafinsu duk lokacin da aka sauke jirgi. Akwai kuma rajista da hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar, wadda ake sabuntawa duk shekara biyu, da lasisin kamun kifi, da inshora. Doka ta ce a tsiyaye duk ruwan da ke cikin jirgi kafin a bar tafki, saboda wani ƙaramin ƙumba mai zane da ke bin jirage yana yaɗuwa yana toshe bututun ruwan sha. Wannan yana nufin kullum toshiyar bayan jirgin a cire take, don haka na ɗaure ta a jikin makullin inji yadda ba zan iya tayar da jirgi ban gan ta ba.

Akwai kwandon ruwa a jirgin mai famfon da ke sabunta ruwa domin kifi ya zauna da ransa. Da farko na ɗauka wurin tara kifin miya ne, sai na tarar a tafkin Fork duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole a mayar da shi ruwa nan take. Ranar da na fara sakin kifin da ya cika hannu biyu, ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, yanzu shi ke nan mun bar shi?" Na ce masa irin wannan saki ne ya sa tafkin ya fitar da bas ɗin da wani masunci mai suna Barry St. Clair ya kama a watan Janairun 1992, mai nauyin fam 18.18, wato sama da kilo takwas, wanda har yau babu wanda ya fi shi a tarihin jihar. Idan miya muke so, ƙananan da doka ta halatta sun ishe mu, ga kuma tarwaɗar tafkin.

Ina ba da shawarar wannan jirgi ga mutumin da zai riƙa fita shi kaɗai ko da mutum ɗaya, wanda ya fi son lungu da ciyawa a kan tsere a fili. Mai iyali babba da ke son yawon shan iska ya nemi wani samfurin, domin dandamalin kamun kifi ya cinye yawancin filin zama. Wanda zai sayi na hannu kada ya yarda da jin ƙarar inji a tsakar gida kawai. Ya nemi a kai jirgin ruwa, ya yi tafiyar rabin awa da shi, sannan bayan an fito ya cire toshiyar baya ya ga yawan ruwan da zai zubo. Ya kwanta ya duba layukan walda a ƙasa, ya taka ko'ina a dandamali ya ji ko akwai inda ya yi laushi, ya kuma sa bakanike ya karanta masa yawan awannin da injin ya yi. Haka dattijon da ya sayar mini ya sa na yi kafin ya karɓi kuɗina, kuma da muka cire toshiyar a mashigar tafkin, abin da ya zubo bai cika cokali ba.