Mai facin bakin hanyar Dukku da ya sauya mini tayar baya

Da Bajaj Boxer nake zirga-zirga kullum tsakanin Pantami da wurin aikina a cikin garin Gombe, wani lokaci kuma har Kumo da goyo, saboda haka da zanen tayar bayana ya shafe har ta fara zamewa a kan yashin da ruwan damina ke tarawa a bakin kwalta, ban tsaya jira ba. Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani dattijo mai faci a bakin hanyar Dukku, wanda ba shi da allon talla, sai injin iska da tsohon baho na ruwa da yaro ɗaya mai koyon aiki.

Na je masa da tayar da na saya a kasuwa, mai lamba 3.00-17, wato faɗinta inci uku, wilin da take hawa kuma inci 17. Kafin ya taɓa sifana sai ya karɓe ta ya juya gefenta, ya goge ƙura da babban yatsansa, ya nuna mini lambobi huɗu da ke bayan rubutun DOT: 1419. Ya ce, "Malam, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wannan tun 2019 aka yi ta." Sannan ya lanƙwasa robar, sai ga ƙananan tsagogi kamar faso a dunduniya. Tayar ba ta taɓa hawa kwalta ba, amma zama a shago cikin zafi ya busar da ita, kuma irin wannan ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kai. Na mayar da ita na karɓo wata, shi kuwa bai caje ni ko sisi a kan wannan dubawar ba.

A wurin sa tayar ne na gamsu da shi ƙwarai. Ya ƙi mayar da tsohon tub ɗina, domin ya riga ya miƙe, zai iya naɗewa a cikin sabuwar taya ya fashe ana tsakiyar tafiya. Ya duba robar da ke rufe kawunan sifok a cikin wili, ya ga ta tsage a wuri guda, ya sauya ta. Ya ɗan hura wa sabon tub iska kaɗan kafin ya cusa shi don kada liba, wato ƙarfen cusa taya, ta cije shi, ya daidaita kibiyar da ke jikin taya da yadda ƙafar ke juyawa, sannan ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar. Da yaron ya miƙo masa baƙin mai, sai ya girgiza kai ya ce mai yana cin roba, kuma yana sa taya ta zame a kan wili. Na sha ganin ana shafa man nan a wasu wurare, ban taɓa sanin illarsa ba sai ranar.

Bayan ya mayar da ƙafar bai sallame ni ba. Ya ƙirga zanen da ke gefe biyu na wurin jan cen har suka zo daidai, ya bar wa cen ɗin sassauci kamar faɗin yatsu biyu, ya ɗaure babban noti, ya sake saita birkin baya yana juya ƙafar yana saurare. Iska kuwa da ma'auni ya auna ta, bai wadatu da matsa taya da hannu ba. Da na tambaye shi, "Baba, in hau ke nan?" sai ya ce in bi a hankali a kwana har in ci kilomita ɗari ko fiye, saboda sabuwar taya tana da santsi, in kuma sake auna iska da safe kafin ta ɗauki zafi.

Wurin yana da nasa naƙasu. Rumfar ba ta wuce ta mutum biyu ba, na kusa awa biyu a rana kafin layi ya zo kaina, ba ya sayar da taya, kuɗin aikinsa kuma ya ɗan ɗara na sauran. Ɗan acaɓan da ke sauri ya koma neman fasinja zai ga an ɓata masa lokaci, gara ya je da sassafe.

Yau wata uku ke nan, na je Kumo da Dadin Kowa na dawo, tayar ba ta sace ba, babur ɗin bai ja gefe ba, kuma a wurinsa zan sauya tayar gaba kafin damina ta sake kankama.