Kwaɓin wasan yara: dafaffe, ɗanye, ko na sitaci?

'Yar'uwa, kin ce yaranki biyu ne, ɗan shekara 4 da ƙanwarsa mai wata 18, kuma kina son sanin wane kwaɓin wasa ya fi dacewa ki haɗa musu a gida: na fulawa da ake tuƙawa a wuta, na fulawa ɗanye, ko na sitaci. Ga amsata tun kafin bayani: yayan, ki yi masa dafaffe, ƙanwar kuma ki yi mata wanda babu gishiri a ciki ko ƙwaya ɗaya. Abin da ya raba su shi ne baki. Shi ya wuce shekarun kai komai baki, ita kuwa yanzu take tsakiyarsu.

Bari mu fara da na fulawa guda biyun, tunda su aka fi rikitawa. Kayan haɗinsu kusan ɗaya ne. Ɗanyen, gwangwanin madara biyu na fulawa, gwangwani ɗaya na gishiri, ruwa kamar gwangwani ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan, da ɗan mai, a cuɗa har ya daina kama hannu. Minti biyar an gama, kuma yaro zai iya sa hannu a yi tare da shi, wanda shi ma wasa ne. Dafaffen kuwa ruwansa ya ninka: fulawa gwangwani biyu, gishiri ɗaya, ruwa biyu, man gyaɗa cokali biyu, ruwan lemon tsami cokali uku. Za ki dama su duka a tukunya tun kafin ki ɗora, har gudajin su mutu, sannan ki sa wuta kaɗan kina juyawa da muciya ba tsayawa. Duk wadda ta iya tuƙa tuwo ta iya wannan. Zai fara kauri daga ƙasa, ya yi kamar ya lalace, kada ki tsorata, ki ci gaba. Da zarar ya saki jikin tukunya ya dunƙule wuri guda, ki sauke, ki juye a faranti, ya sha iska, sannan ki murza shi sosai da hannu yana da ɗumi. Murzawar nan ce take kawo santsin.

A hannu ne za ki ji bambancin. Ɗanyen yana da tsakuwa-tsakuwa, domin gishirin bai gama narkewa ba, musamman in irin mai manyan ƙwayoyi ne na awo. Yana saurin tsagewa, kuma in ya kwana sai ki tarar ya yi gumi ya saki, yana manne wa yatsu. Dafaffen sumul yake fitowa, yana da danƙo, yaro zai mulmula maciji dogo bai katse ba. Zafi ne ya sa sitacin da ke cikin fulawar ya sha ruwa ya kumbura ya riƙe shi, shi ya sa ba ya saki. Tsamin kuma yana ƙara masa laushi, yana taya gishiri hana shi lalacewa. Turawa wani farin gari mai tsami suke sawa, wanda masu yin kek ke kira kirim-of-tata, amma sai a manyan kantuna ake samunsa. Lemon tsami ya wadatar. Ruwan tsamiya da aka tace ma yana yi, domin irin tsamin da ke cikin garin nan akwai shi da yawa a tsamiya, sai dai zai dusashe miki kala, ya ja ta zuwa ruwan ƙasa.

Wajen daɗewa babu haɗi. Ɗanyen kwanaki kaɗan ne. Dafaffen, in kin ɗaure shi a leda kin sa a roba mai murfi, yana yin makonni, wani lokaci har watanni, ba tare da firji ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da wutar lantarki ke zuwa lokacin da ta ga dama. Da hunturu abokin gabarsa iska ce: a bar shi a buɗe rabin sa'a sai ya yi ɓawo, gishirin ya fito fari-fari a samansa. Ki jiƙa hannu ki sake murzawa, ko ki ɗiga mai, zai dawo. Da damina kuwa funfuna ce matsalar. In kin ga ɗigo baƙi ko kore, ko warinsa ya canza, kada ki tsaya yanke wurin, ki zubar gaba ɗaya.

Wuri ɗaya ɗanyen ya fi: in ana son abin da aka gina ya bushe ya zauna. Ɗan ƙaramin kwano, dutsen wuya, tambarin tafin hannun yaro. A shanya a inuwa kwana biyu ko uku ana juyawa, zai yi tauri, har a shafa masa fenti. Dafaffen bai iya wannan ba, tsagewa yake yi.

Yanzu maganar da ta fi duk sauran muhimmanci, wato gishiri. Mutane suna cewa ai kayan abinci ne duka, ko yaro ya ci babu komai. Ba haka ba ne. Ki lissafa: gwangwanin gishiri ɗaya ya kusa giram 200, duk kwaɓin kuma bai wuce giram 700 da ɗoriya ba. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa gishiri ne zalla. Ma'aunin da hukumar lafiya ta Ingila ta bayar shi ne, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2 na gishiri a yini, wanda bai kai shekara ba kuwa ƙasa da giram 1. Loma ɗaya da ba ta kai girman goro ba ta cinye wannan kason. Yawancin yara da sun ɗanɗana suke tofarwa, kuma ana fakewa da hakan a ce gishirin ma kariya ne. To, akwai yaran da ba sa tofarwa, kuma ke ba ki san layin da taki take ba sai ranar da abin ya faru. Gishiri mai yawa a jikin ƙaramin yaro yana janye ruwa daga ƙwaƙwalwa. Alamunsa amai, ƙishirwa mai tsanani, kuka ba dalili, kasala ko barcin da ba a saba gani ba, in ya yi tsanani har jijjiga. Idan lasa kawai ta yi, ki wanke mata baki ki ba ta ruwa. Idan ta haɗiye da dama, ko kin ga ɗaya daga alamun nan, asibiti kai tsaye. Kada a sa mata yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ɗura mata manja kamar yadda aka saba yi wa yaron da ya sha wani abu. Yana iya sarƙe ta ya shiga huhu. Ragowar kwaɓin ma kada ki watsa wa kaji, gishiri yana kashe su.

Ɗanyen yana da ƙarin laifi a nan. Fulawa ba dafaffen abu ba ce, alkama ce daga gona aka niƙa, kuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A 2016 an yi ɓarkewar irin wannan a Amurka, mutane sama da 60 suka kamu ta hanyar fulawa, cikinsu har da yaran da aka bai wa ɗanyen kwaɓi su yi wasa a gidajen cin abinci. Wasu suna soya garin a busasshiyar tukunya kafin su kwaɓa. Yana ragewa, amma dafawa da ruwa ta fi tabbas.

Shi ya sa na ce ƙaramar a yi mata daban. Na sitaci ba ya buƙatar gishiri. Sitacin masara ma'auni biyu, ruwa ma'auni ɗaya, a faffaɗan faranti. Garin kastad ma yana yi, tunda kusan duk sitacin masara ne da kala. Abin da yake fitowa ba kwaɓi ba ne sosai, ba kuma ruwa ba: in ta buga da tafi sai ya yi tauri, in ta damƙa ya dunƙule, tana buɗe hannu ya narke ya tsiyaye ta tsakanin yatsu. Duk mai ɗibar ɗanyen kamu da cokali ta san wannan halin. Ƙwayoyin sitacin ba narkewa suke yi ba, yawo suke a cikin ruwan, in an matsa su da sauri sai su cushe wa juna. Ba a gina komai da shi, amma 'yar wata 18 ba gini take nema ba, taɓawa take so da mamaki. Na yini ɗaya ne, kashegari ya yi tsami. Ki tabbata sitacin ci ne, ba na guga ba, domin na guga ba don ciki aka yi shi ba. Kuma tunda shi ma ba a dafa shi ba, lasa ce kawai za a yafe, ba sha ba.

In taki irin mai cusa komai a baki ce da gaske, ki bar ɗanyen sitacin ma tukuna. Ki tuƙa mata garin shinkafa da ruwa da ɗan mai, ba gishiri ba sukari, ya yi laushi, ya huce sarai har cikinsa. Ko ta ci, abinci ta ci. Abin lura kawai kada ta cika baki da babban dunƙule, ko ta tura a hanci, don haka kina zaune a gefenta har a tashi. Da an gama a kwashe, in ba haka ba kiyashi sun samu biki.

Za ki ga wasu suna haɗa sitaci da man gyaran gashi, ya fito da laushi da ƙamshi. Yana da daɗin taɓawa ƙwarai, amma ba na gidan da ake da mai rarrafe ko mai tatata ba ne. Akwai kuma na fulawa ma'auni takwas da mai ma'auni ɗaya, wanda yake fitowa kamar jiƙaƙƙen rairayi. Ni ban cika son sa ba: fulawa yake ci da yawa, ɗanye ne, kuma yana mai da tayil tarkon santsi.

Wata za ta ce ga garin masara ko na dawa a gida, me ya sa sai fulawa mai tsada? Danƙon da ke sa kwaɓi ya miƙe daga alkama yake, masara da dawa da gero ba su da shi, marmashewa za su yi ta yi. In dole ne, ki haɗa garin shinkafa da sitaci rabi da rabi ki dafa, zai kama jikinsa. Wannan ne ma mafita ga yaron da alkama ba ta karɓe shi ba. Shi kansa Play-Doh, wato kwaɓin wasa na kanti, wanda aka fara sayarwa a matsayin abin wasa a Amurka a 1956 bayan ya yi shekaru yana aikin goge bango, tushensa ruwa ne da gishiri da fulawa. Na gwangwanin da babu sunan kamfani, babu jerin abin da ke ciki, shi ne ba zan bai wa yaro ba ko kyauta ne.

Kala kuwa, ta kek ta fi fitowa rangaɗau, kuma a cikin ruwan za ki ɗiga kafin ki ɗora wuta, in ba haka ba hannunki ne zai sha rini. Ruwan zoborodo yana ba da ja mai duhu-duhu, kurkur rawaya amma yana kama kaya, garin zogale ko kuka kore mara haske. Shuni da galura da baƙin lalle ba su da gurbi a nan.

Na san kuma akwai maganar da ba ki faɗa ba, amma za ta taso ranar da Hajiya ta leƙo ta ga jikokinta suna mulmula fulawa a tabarma: wasa da abinci, a wannan tsadar. Maganarta tana da tushe, kada ki yi musu da ita. Ki rage ma'aunin zuwa rabi, gwangwani ɗaya na fulawa ya ishi yaro ɗaya, kuma dafaffen da zai yi wata guda ana amfani da shi ya fi sauƙin karewa a gabanta fiye da ɗanyen da za a zubar jibi. Ki nuna mata yaron yana mulmula alif da ba'u, ko lambobi, yana yanka da murfin kwalba. Tsinka da matsa da mulmula su ne suke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir da alƙalami.

Wataƙila ta ce su da laka suka yi, suka gina shanu da tukwane, suka dafa tuwon ƙasa, ba abin da ya same su. Gaskiya ne, kuma yumɓu mai tsabta har yau ya fi duk waɗannan daɗin gini ga ɗan shekara 4, bai kuma ci kuɗin kowa ba. Magana ita ce daga ina aka ɗebo. Ƙasar tsakar gida inda awaki da kaji ke yawo tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, ta bakin kwata kuwa ba a ma maganarta. Kuma duk wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta gurɓata ƙasa ta kashe yara sama da 400, ba zai ɗebo ƙasa daga yankin haƙar ma'adinai ya miƙa wa yaro ba. In kina son yumɓu, ki saya a wurin masu ginin tukwane, kuma na yayan ne kawai.

Wahalar gaske ita ce haɗa su biyun a wuri ɗaya, domin ita nasa za ta so. Ki fito da mai gishirin lokacin da take barci, ko tana goye. In tare za su yi, duka su yi da na shinkafar, shi ba abin da zai rage masa a yini ɗaya. Ki shimfiɗa tsohon buhu ko ledar tebur a tsakar gida, a cire kayan kirki, a wanke hannu kafin da bayan wasa. Da hunturu ki duba hannun yaron, in fatar ta tsage gishirin zai yi masa zafi, sai ki shafa man kaɗanya ki bari ya warke. Ruwan sitacin kada ki juye shi a magudanar wanke-wanke, kwanciya yake yi ya toshe bututu. Ki bar shi ya bushe a farantin ki kankare. Wanda ya maƙale a kafet ma kada ki sa masa ruwa, ki jira ya bushe ki goge da burushi mai tauri.